Wa Ke Riƙe da Agogo? Yadda VRR Ya Shigo Buɗaɗɗun Direbobin Linux

Allon kwamfuta bai san jira ba. In an ce masa 60Hz, to sau sittin zai zana hoto a cikin sakan ɗaya, an kawo masa sabo ko ba a kawo ba. Duk bayan milisakan 16.7 zai faro daga layin sama ya gangaro har ƙasa, ya ɗan numfasa, ya sake komawa sama. Wannan hali gadonsa ne daga tsofaffin talabijin masu doro. Shi kuwa katin hoto, mai ƙera hotunan da allon zai nuna, ba shi da irin wannan tsari. A cikin wasa, in bango kawai kake kallo, katin zai iya gama firem ɗaya, wato hoto guda, cikin milisakan 5. Ka juya ka fuskanci daji da hayaƙi da mutum ɗari suna gudu, firem ɗin ya ci milisakan 25. Ɗaya na tafiya da agogo, ɗaya na tafiya da nauyin kayan da ke kansa.

Matsala biyu ke fitowa daga wannan saɓani, kuma shekara da shekaru sai dai mutum ya zaɓi wadda zai iya haƙuri da ita. Ko dai kati ya miƙa firem da zarar ya gama, ko da allo ya kai tsakiyar zane, sai sama ta zama tsohon hoto ƙasa ta zama sabo, ka ga hoton ya tsage a kwance kamar takardar da aka yaga aka liƙa a karkace. Ko kuma a tilasta wa kati jiran allo ya gama zagayensa, abin da ake kira V-Sync. Tsagewa ta tafi, amma an gudu ba a tsira ba. Firem ɗin da ya ci milisakan 17 da ƙiris ya makara, ko rabin milisakan bai kai ba, amma jirgi ya riga ya tashi, dole ya jira na gaba. Allo ya maimaita tsohon hoto, abin da ya kamata ya tsaya milisakan 16.7 ya tsaya 33.3. Ido na ganin hoton yana ɗingishi, hannu ma na ji: ka motsa maus, hoto ya biyo ka a baya yana jan ƙafa.

Maganin da aka samo yana cikin wancan numfashin. Tsakanin layin ƙarshe na firem da layin farko na mai bi masa akwai 'yar tazara da ba a zana komai a cikinta. A zamanin masu doro dole ce, domin tsinin hasken da ke zana hoton yana buƙatar lokacin komawa sama. Allunan yau ba su da wani tsini da zai koma ko'ina, amma tazarar tana nan cikin sigina. To VRR, wato sabunta hoto ba bisa ƙayyadadden lokaci ba, shi ne a ja wannan tazara kamar roba. Kati ya ce wa allo: dakata, ban gama ba. Saurin tura ɗigogin hoto bai canja ba, tsawon layi bai canja ba, hutun kawai ake miƙarwa har firem ya iso. Agogo ya bar hannun allo ya koma hannun kati. Sai dai robar tana da iyaka, shi ya sa kowane allo ke da zangonsa, misali daga 48Hz zuwa 144Hz: ba zai iya zana sabon hoto cikin ƙasa da milisakan 6.9 ba, ba kuma zai iya riƙe tsoho fiye da milisakan 20.8 ba.

Iyakar dabarar ke nan. Na jima ina mamakin ƙanƙantarta in aka gwada ta da shekarun da ta ci kafin ta zauna da gindinta a Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows amma wanda kowa ke iya ganin kod ɗinsa.

Nvidia ne ya fara fito da ita kasuwa. A Oktoban 2013 ya sanar da G-Sync, wanda ke buƙatar a dasa na'urar kamfanin a cikin allon kansa. Watanni uku bayan haka, a baje kolin CES na Janairun 2014 a Las Vegas, AMD ya nuna FreeSync, yana cewa ba sai an dasa komai ba. A Mayun 2014 ƙungiyar VESA, mai tsara ƙa'idar wayar allo ta DisplayPort, ta shigar da abin cikin ƙa'idar DisplayPort 1.2a da sunan Adaptive-Sync, allunan FreeSync kuma suka fara fitowa a 2015. Masu Windows suka ci gaba da wasansu. Direba shi ne manhajar da ke sarrafa katin hoto, kuma mai amfani da buɗaɗɗen direban AMD da ke cikin kanel, wato zuciyar Linux, sai da ya jira har Maris ɗin 2019. Shekara huɗu ke nan, a kan jan 'yar tazara.

Ba rashin iyawa ba ne. Shingen farko ma ba na VRR ba ne kai tsaye. AMD ya gina FreeSync a kan sabon sashen sarrafa allo da ake kira DC, kuma a Disamban 2016, da aka kawo maganar shigar da shi kanel, Dave Airlie, mai kula da ɓangaren hoto na kanel ɗin, ya ce bai yarda ba. Layukan kod kusan 100,000 ne, kuma an gina su da wani bene a tsakiya domin kod ɗaya ya yi aiki a Windows da Linux. Illar hakan ita ce direban ya kauce wa hanyoyin da sauran direbobi ke bi, wanda ba ma'aikacin AMD ba kuma zai sha wuya kafin ya gyara ko da ƙaramin abu a ciki. Masu katin AMD da yawa sun ji haushi a lokacin, kuma ba a ga laifinsu ba, domin har sautin HDMI a sababbin katuna yana rataye da wannan kod. Injiniyoyin kamfanin suka koma suka shafe shekara guda suna sharewa da rushe bene, sannan DC ya shiga a Linux 4.15, a Janairun 2018. A ganina Airlie ya yi daidai, ko da yake ba shi ne ya biya kuɗin jiran ba.

Shinge na biyu ya fi ban sha'awa. AMD yana da hanyarsa ta kunna FreeSync a direban da yake rabawa daban, amma kanel ba ya karɓar ƙofar da kamfani ɗaya kaɗai ke da mabuɗinta. Dole a yi yarjejeniya a kan ƙofar da kowane direba zai iya amfani da ita, kuma akwai doka a ɓangaren hoto cewa ba a buɗe sabuwar ƙofa sai an ga buɗaɗɗiyar manhajar da za ta bi ta cikinta. Dalili shi ne, abin da kanel ya yi wa manhajoji alkawari ba ya janyewa. In an yi kuskure a tsarin, an ɗauki kaya ke nan har abada. Bayan doguwar muhawara, abin da Nicholas Kazlauskas na AMD ya rubuta aka karɓa bai wuce alamomi biyu ba. Ta farko sunanta vrr_capable, tana maƙale da mahaɗar da aka soka wayar allo, karanta ta kawai ake yi: 1 in allo da waya da kati duk za su iya, 0 in ba haka ba. Direba na gane haka ne daga 'yar takardar shaidar da kowane allo ke miƙa wa kwamfuta, EDID, inda ya rubuta zangonsa. Ta biyu ita ce VRR_ENABLED, makunni ne a kan sashen da ke fitar da sigina, wanda har yau ake kira CRTC don tunawa da masu doro, wato CRT. In an kunna, direba zai ja tazarar har sai an miƙo sabon firem ko lokaci ya ƙure. A wata ɗaya, Maris ɗin 2019, Linux 5.0 da tarin direbobin hoto na Mesa 19.0 da direban AMD mai lamba 19.0 na X11, tsarin nuna tagogi a allo, suka fito, kowanne ɗauke da kasonsa na aikin.

Amfanin wannan taurin kai ya bayyana da Intel ya zo. A Linux 5.12, Afrilun 2021, direbansa ya samu VRR, an fara da na'urorin Tiger Lake, kuma bai ƙirƙiro wata sabuwar ƙofa ba. Alamomi biyun nan ya cika, duk manhajar da ta riga ta iya magana da katin AMD ta iya magana da nasa. Nvidia kuwa hanyarsa daban: rufaffen direbansa yana da G-Sync a Linux shekaru kafin haka, a farkon 2019 kuma ya buɗe wa allunan Adaptive-Sync ƙofa da sunan G-Sync Compatible.

Da a ce direba ne ƙarshen zance, da a 2019 an rufe littafi. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Makunni kawai kanel ya bayar. Bai faɗi wanda zai kunna ba, bai faɗi yaushe ba, bai kuma faɗi wace taga ce a cikin tagogin da ke kan allo za ta riƙa ba da umarnin a zana ba. A da, agogon allo ne alƙali: kowa ya kawo abinsa kafin ƙararrawa, a haɗa a nuna. Yanzu an sallami alƙali, ga wasa, ga kibiyar maus, ga saƙon da ya faɗo a kusurwa, ga agogon da ke ƙasan allo, kowa na da lokacinsa.

A tsohon tsarin X11 an warware wannan da gatari. Sai ka rubuta VariableRefresh a fayil ɗin saiti da hannunka, domin a kashe yake zuwa. Sannan dole wasan ya cika allo gaba ɗaya, shi kaɗai, ta yadda hotonsa ne ake miƙa wa kati kai tsaye. Ga inda ta ɓaci: X11 yana ɗaukar duk allunan da ka jona a matsayin shimfiɗa ɗaya mai faɗi. In kana da allo biyu, wasan da ya cika ɗaya rabin shimfiɗa ya cika, don haka babu VRR. Shawarar da aka daɗe ana ba mutane ita ce su kashe allo na biyu kafin su fara wasa, har sai da aka ƙaro wani saiti a 2021 da ke sassauta lamarin. Ita ma Mesa, tarin direbobin OpenGL da Vulkan, sai da ta ajiye jerin manhajojin da aka hana su neman VRR, cikinsu har da Firefox da Chromium da mpv, domin burauza ko manhajar bidiyo in ta cika allo tana zana hoto ne yadda ta ga dama, allon ya rikice. Jerin sunaye da hannu alama ce ta cewa tsarin bai san abin da ke gabansa ba.

Wayland, sabon tsarin da ke maye gurbin X11, ya fi dacewa da aikin tun daga tushe, saboda kowane allo da nasa zagayen, kuma manhaja ɗaya ce, mai tsara tagogi, ke magana da kanel. Amma hakan na nufin kowane mai tsara tagogi sai ya yanke nasa hukuncin. Sway ya shigo da abin a sigar 1.5, a 2020. KDE Plasma ya biyo baya a 5.22, a Yunin 2021, da zaɓi uku: kada a kunna, a kunna in taga ta cika allo, ko a bar shi a kunne kullum. GNOME kuwa, aikin da Dor Askayo ya gabatar tun 2020 sai a sigar 46, a Maris ɗin 2024, ya shiga, shi ma a matsayin gwaji, sai ka tono shi ka kunna. An sha yi wa GNOME ba'a a kan wannan jinkiri. Wani ɓangare na ba'ar ya cancanta, amma wanda ya taɓa zama ya ga abin da kibiyar maus ke yi wa VRR zai rage dariya.

Ga yadda za ka gani da idonka. Allunan wasa da yawa suna da ɗan lissafi a cikin saitinsu da ke nuna saurin sabuntawa na wannan lokacin, a kusurwa. Ranar da na fara kunna shi, wasan da nake yi yana tafiya a kan firem 70 zuwa 80, lambar tana rawa tare da shi: 74, 78, 71. Hoto sumul. Sai na buɗe taswirar wasan, kibiya ta fito, na ja maus. Nan take lambar ta yi tsalle ta koma 144. Na ɗaga hannu, ta faɗo 75. Na sake ja, ta sake tashi. Na fi minti goma ina wannan wasan yara, na manta da wanda na zauna yi.

Abin da ke faruwa shi ne, kibiyar ba a cikin hoton wasan take ba. Kati yana da wani ɗan faifai na musamman da yake ɗora ta a kai, a saman komai, domin ta riƙa motsi ba tare da an sake zana abin da ke ƙarƙashinta ba. A allo mai tsayayyen agogo wannan ba ya cin kowa: duk zagaye, a ajiye ta inda ta koma. Amma allon da ke zaman jira ba ya tambayar wa ya ƙwanƙwasa ƙofa. An ce masa ga sabon abu, sai ya zana. Maus kuwa yana aiko da rahoto sau 125 a sakan, na 'yan wasa sau 1,000 ko fiye. In mai tsara tagogi ya biye wa kibiya, allo zai yi ta gudu a iyakar saurinsa, firem ɗin wasa ya zo ya tarar ana tsakiyar zane, ya jira, ɗingishin da aka kora ya dawo ta taga. In kuma ya ce kibiya ta jira wasa, to a wasan da ke ba da firem 30 kibiyar ma sau 30 za ta motsa, ka ji kamar kana jan ta cikin taɓo. Ka dakatar da bidiyon da ya cika allo fa? Babu firem ko ɗaya da ke zuwa, kibiya ta daskare ko ta koma tafiyar hawainiya. Gaba kura, baya sayaki. Babu amsar da ke daidai a ko'ina: wasan harbi ba ya nuna kibiya sam, wasan dabarun yaƙi kuwa rayuwarsa a kanta take. Abin da aka koma yi shi ne sulhu, a ba abin da ya cika allo fifiko muddin yana kawo firem a kan kari, in ya yi sanyi a bar kibiya ta motsa allon da kanta. Wannan hukunci ne na tsari, direba ba shi da hurumin yanke shi, domin bai san ko wasa ne a gabansa ko takardar lissafi ba.

Sai maganar ƙyaftawar haske, wadda ita ce ƙorafin da ya fi yawa, kuma ita aka fi ɗora wa direba bisa kuskure. Ɗigon allo ba ya riƙe haskensa daidai wa daida na tsawon lokaci. Wanda aka bari milisakan 7 da wanda aka bari milisakan 20 ba su cika ba da haske ɗaya ba, musamman a allunan VA da OLED, kuma an fi ganin bambancin a wurare masu duhu. In saurin ya sauya a hankali, ido ba ya kamawa. In ya yi ta tsalle, sai ka ga allon yana numfashi, ya ɗan yi haske ya ɗan dushe. Shafin jiran lodin wasa shi ne matattararta, domin a nan firem ke zuwa a birkice.

Akwai kuma wani tsalle da maganin da kansa ke haifarwa. In wasa ya faɗi ƙasa da zangon allo, a ce firem 30 a allon da ƙasansa 48 ne, dabarar ita ce a nuna kowane firem sau biyu, allo ya yi 60, wasa bai sani ba. Direban AMD yana yin wannan. Yana da kyau, amma dubi bakin iyakar: a firem 48 allo na kan 48Hz, a firem 47 ya koma 94Hz. Wasan da ke lilo tsakanin 47 da 49 zai sa allo ya yi ta kaiwa da komowa tsakanin ƙasan zango da tsakiyarsa, hasken na bin sa. Kuma direba hasashe yake yi: bai san yaushe firem na gaba zai iso ba, yana duba na baya ne ya ƙiyasta. In ya fara maimaita tsohon hoto sabo ya iso, sabon ya jira. Ninkawar ma ba ta yiwuwa sai saman zango ya kai ninkin ƙasansa. Allon da zangonsa 48 zuwa 75 ne yana da tambarin FreeSync a kwalinsa, gaskiya ne, amma in wasa ya faɗi 45 ninkinsa 90 ne, ya wuce rufi, sai a koma gidan jiya. Haka a can sama: in wasa ya zarce 144, VRR ba shi da sauran abin yi, shi ya sa 'yan wasa ke ɗaure firem ɗinsu ƙasa kaɗan da rufin, kamar 141.

Ba wasa kaɗai ke amfana ba. Fim mai firem 24 ba ya rabuwa daidai a allon 60Hz, wani firem ya tsaya zagaye uku wani biyu, milisakan 50 da 33.3 bi da bi, kana ganin hakan in kyamara na juyawa a hankali. Allon da zai iya zama a 48Hz ko 72Hz ya kashe wannan. Laftof ma na tsimin batir in allonsa ya sassauta lokacin da ba abin da ke motsi. Amma bidiyo so yake a nuna firem a daidai wani lokaci, ba da zarar ya gama ba, wanda ya sa sai da aka ƙara wa Wayland ƙa'idojin tsara lokaci a 2024.

Duk waɗannan matsaloli ne da injiniya zai iya zama ya warware, ko da za a daɗe. Na HDMI ba irinsu ba ne.

Abu biyu ne ake kira VRR a kan wayar HDMI, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Akwai FreeSync na AMD da ya ɗora a kan HDMI ta hanyarsa ta kansa tun kafin a yi ƙa'idar kowa da kowa. Wannan nasa ne, ya ga dama ya buɗe, ya shiga Linux 5.13 a 2021. Akwai kuma VRR na ƙa'idar HDMI 2.1 da aka fitar a Nuwamban 2017, wanda shi ne PlayStation 5 ke amfani da shi, kuma shi ne yaren da talabijin na zamani suka fi ji. Wata talabijin tana jin duka biyun, wata na biyun kawai. Ƙa'idar HDMI 2.1 mallakar HDMI Forum ce, ƙungiyar kamfanoni da AMD ma mamba ne a ciki, kuma a 2021 ta tsaurara damar ganin takardar. Buɗaɗɗen direba kuwa takarda ce da kowa ke karantawa. In ka rubuta kod ɗin da ke bin ƙa'ida ka wallafa, to ka karanta wa duniya ƙa'idar da babbar murya. Ita ma takardar DisplayPort ba a bakin hanya aka yar da ita ba, ta mambobin VESA ce, amma VESA ba ta hana a rubuta buɗaɗɗen direba da ita ba. Bambancin ke nan.

Injiniyoyin AMD sun yi watanni tare da lauyoyin kamfanin suna neman hanyar da za a fitar da kod ɗin ba tare da an saɓa yarjejeniya ba. A Fabrairun 2024 Alex Deucher, ɗaya daga cikin masu kula da direban, ya sanar cewa HDMI Forum ta ƙi amincewa da shawarar, kuma a yadda abubuwa suke a lokacin ba zai yiwu a yi buɗaɗɗen HDMI 2.1 ba tare da taka dokarta ba. Katin na iyawa, talabijin na iyawa, wayar na iyawa, a Windows komai na aiki a kan na'urar nan ɗaya. Asarar ba ta tsaya ga VRR ba. Hoton 4K a 120Hz da cikakken launi yana buƙatar kusan gigabit 24 a sakan, HDMI 2.0 kuwa 18 ce iyakarsa, ainihin abin da ke ɗaukar hoto ma 14.4 ne, alhali 2.1 na kaiwa 48. A lokacin sai dai a rage bayanin launi a matse hoton ya shiga, abin da ba a cika lura da shi a fim ba amma yana sa gefen rubutu ya yi dishi-dishi. Abin takaicin game da VRR shi ne ba ya ma buƙatar wannan faɗin hanya. Jan tazara ne da 'yan saƙonnin da ake tura wa talabijin. Laifinsa kawai ya kwana a takarda ɗaya da sauran.

Ban ga hujjar da za ta gamsar da ni a matsayin ƙungiyar ba. Ƙa'idar da ke cikin miliyoyin na'urori, wadda ɗimbin kamfanoni ke riƙe da kwafinta, ba wani sirri ba ce da direban Linux zai tona. Abin da dokar ta haifar shi ne hukunta wanda ya fi buɗe aikinsa. Nvidia ya buɗe ɓangaren kanel na direbansa a Mayun 2022, amma babban kaso na aikin yana cikin rufaffiyar manhajar da ke gudana a kan katin kansa, inda ba mai leƙawa. Katunan Arc na Intel da yawa kuwa DisplayPort suke fitarwa a ciki, wani ɗan cip da ke kan katin ya juya shi zuwa HDMI 2.1 kafin ya iso bakin mahaɗa, direba bai taɓa haramtacciyar takarda ba. AMD, wanda ya sha wahalar shekara guda yana share DC domin ya zauna a fili, shi ne ya rasa wurin ɓuya. Da kamfanin wasanni Valve ya sanar da sabon Steam Machine a Nuwamban 2025, na'urar da aka ƙera don a jona ta da talabijin, mai katin AMD da Linux a ciki, HDMI 2.0 aka rubuta a takardar bayaninta.

Masu amfani suka kwaikwayi dabarar Intel daga waje: a fito ta mahaɗar DisplayPort, a sa adafta mai cip a tsakiya, ita ta yi wa talabijin yaren HDMI 2.1. Sirrin na nan a rufe, sai dai yanzu a cikin ɗan abin da bai kai akwatin ashana ba, yana lilo a bayan kwamfuta. Hoton 4K a 120Hz na wucewa ta nan. VRR kuwa sai an dace, domin cip ɗin sai ya iya karɓar tazarar da ke miƙewa tana tsukewa ya miƙa ta gaba ba tare da ya daidaita ta ba, kuma ba kowanne ke iyawa ba. Wani ma sai an sauya masa manhajar cikinsa. A lokacin, a direban AMD an rubuta gajeren jerin cip ɗin da aka yarda a tura VRR ta cikinsu. Ka soka adafta, direba ya tambaye ta lambar shaidarta, ya duba jerin. In tana ciki, vrr_capable ta nuna 1. In ba ta ciki, ta nuna 0, talabijin ta koma bin agogonta.